Haƙƙin Abokin Karatu Bayan Rasuwarsa

Daga cikin nau'o'in zumuncin da Allah Maɗaukakin Sarki Ya shimfiɗa tsakanin bayinSa, babu wanda ake saurin ƙullawa, kuma ake saurin yin sakaci da shi, kamar zumuncin makaranta, domin yaran da suka ci tuwo a akushi ɗaya, suka sha bulala a hannun malami ɗaya, suka yi bitar darasi a gindin fitila ɗaya, da zarar an yaye su sai neman abinci ya warwatsa su, har ya zamana ba su haɗuwa sai wurin ɗaurin aure ko zaman makoki.

Akwai wani ɗan ajinmu, Allah Ya jiƙansa, wanda ya fi mu duka kaifin basira a lissafi, ga kunya ga haƙuri, wanda ajalinsa ya zo a annobar sanƙarau ta shekarar 1996, wadda ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta halaka sama da 11,000, galibinsu a Arewa. Bai cika shekara talatin ba, ya bar mata da 'ya'ya ƙanana. An yi jana'iza, an yi zaman ta'aziyya, matar ta cika takabarta wata huɗu da kwana goma, sa'an nan ƙafa ta ɗauke. Wanda ya tsaya a kan karatun babban yaron har ya gama sakandare kuwa ba daga cikin masu hali ya fito ba, wani malamin firamare ne ɗan ajinmu, wanda albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, bai kuwa taɓa tsayawa gaban taro ya faɗa ba.

To, a nan ne nake da magana da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, waɗanda yanzu kusan kowace makaranta tana da tata. Akan kama zaure kowace shekara, a ɗinka anko, a yi walima, a karrama wanda ya sami muƙami, sa'an nan can wajen ƙarshe a karanto sunayen waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, a yi musu Fatiha, a watse. Addu'a alheri ce babba, ba na musun wannan ko kaɗan. Amma malamai, duk da saɓaninsu a kan sadakar bakwai da ta arba'in, ba su taɓa yin saɓani a kan falalar riƙon maraya ba, wanda hadisi ingantacce ya yi wa mai yinsa bushara da maƙwabtaka da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a gidan Aljanna. Haka kuma shari'a ta gabatar da biyan bashin mamaci a kan rabon gado, alhali sau da yawa aboki ya fi dangi sanin waɗanda ke bin marigayi.

Wani zai ce wannan nauyin dangi ne. Gaskiya ne, amma wanda ya rasu da ƙuruciya bai tara komai ba, danginsa kuwa sau tari su ne suka sa masa ido ya tallafe su.

Akwai kuma haƙƙin adana tarihinsa. Malam Sa'adu Zungur, ɗalibin Kwalejin Katsina, ya rasu a 1958 bai kai shekara 45 ba, bayan doguwar jinya. Kuma ko da yake waƙoƙinsa sun isa su riƙe sunansa, da yawa daga abin da muka sani na halinsa mun same shi ne saboda amininsa Malam Aminu Kano ya zauna ya rubuta littafi a kan rayuwarsa. Marayan da bai san mahaifinsa ba yana da buƙatar irin wannan shaida, ko da shafi biyu ne, daga waɗanda suka zauna aji ɗaya da mahaifin nasa.

Saboda haka ina roƙon shugabannin waɗannan ƙungiyoyi, kafin taronsu na bana, su rubuta sunayen marayun 'yan ajinsu da makarantun da suke, su ware wani kaso daga kuɗin walima a asusu na musamman, su damƙa shi a hannun amintattu biyu waɗanda za su riƙa kawo bayani kowace shekara.