Raddi Ga Mai Cewa Tsofaffin Kayan Wasan Kwaikwayo Shara Ne

Wani malami da nake girmamawa, mazaunin Barnawa, ya daɗe yana faɗa a majalisu cewa masu neman a tattara tsofaffin takardun wasan kwaikwayo da kasa-kasan rediyo da tufafin 'yan wasa ɓata lokacinsu suke yi. Tun da da hujja ya zo, da hujja za a amsa masa.

Ya ce wasa abu ne mai rai, a baki da jiki yake zaune, wanda ya gani ya gani, takarda kuwa matacciya ce. Malam, ai masu ganin su ma mutuwa suke yi. Malam Aminu Kano ya rubuta wasanni yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna a ƙarshen shekarun 1930, cikinsu har da Kai Wane Ne a Kasuwar Kano da Ba Za a Cuce Ka Ba. Ba a buga su a lokacin ba. 'Yan wasan da 'yan kallon kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, kuma abin da ɗalibin Hausa yake haddacewa yau don jarrabawa sunayen wasannin ne. Wa ya fito a matsayin wa? Wace magana ce ta sosa wa masu mulki rai? Bakin da zai ba da amsa ya yi shiru.

Sai ya ce to, wanda aka buga littafi ai ya wadatar. Nan ne kuskurensa ya fi girma. Wasannin Shu'aibu Maƙarfi a rediyo aka fara jin su daga Kaduna, kafin Zamanin Nan Namu ya fito littafi a 1959. Littafin bai nuna mana abin da aka rage ko aka ƙara tsakanin makirfo da maɗaba'a ba, bai kuma ɗauko murya ba. Wa zai iya rubuta Hausar barikin Samanja a takarda har ta ba da dariya yadda Usman Baba Pategi yake furta ta? Ya rasu a Nuwamban 2023. Duk kaset ɗinsa da ya lalace daga yanzu, ya tafi ke nan.

Dubi yadda Ingila ta san asalin The Mousetrap na Agatha Christie, wasan da ya fi kowanne daɗewa a dandamalin Landan. Shi ma a rediyo aka haife shi: ɗan gajeren shiri ne mai suna Three Blind Mice, BBC ta watsa a ranar 30 ga Mayu 1947 don cikar Sarauniya Mary shekara 80. Aka faɗaɗa shi, aka gwada a Nottingham a Oktoban 1952, aka buɗe a Landan ranar 25 ga Nuwamba, Richard Attenborough yana ɗan sanda mai bincike. Ba a musu kan waɗannan ranaku, don jadawalin rediyo da takardun sanarwa na gidan wasa suna nan a ajiye. Agogon da aka fara wasan da shi ma yana kan dandamali har yau. Mu kuwa a tambaye mu ranar da aka fara jin Jatau Na Kyallu na Maƙarfi, sai kame-kame.

In malam ya ce wannan misalin nesa ne, ga na gida. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta Shaihu Umar, aka buga a 1934. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan dandamali, ya fito littafi a 1975. Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976. Littattafan biyu suna hannun mutane, amma fim ɗin ya ɓace shekara da shekaru har aka fid da tsammani, sai a 2016 aka tsinci gwangwanayensa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, aka gyara, aka nuna a bikin fina-finan Berlin a 2018. Da wani ya share ɗakin nan bisa fatawar malam, da littafin bai dawo mana da fuskokin 'yan wasan fim ɗin ba.

Hujjarsa ta uku ta fi ba ni mamaki daga mai ilimi irinsa: wai adana tsofaffin kaya ɗabi'ar Turawa ce, Bahaushe ba ya girmama tsumma. Ashe malam ya manta da gafaka? Malamanmu suna rubuta sunan mai kwafa da ranar gamawa a ƙarshen littafi tun kafin Bature ya zo. Waziri Junaidu ya tsare rubuce-rubucen Shehu da Abdullahi da Bello a Sakkwato, masu bincike daga ko'ina suka sha a wurinsa. Al'ummar da ba ta karɓar hadisi sai da isnadi ba a koya mata tambayar asalin magana. Ba don tabarruki muke neman kakin Samanja ba. Shaida muke nema.

Saura maganar kuɗi. Ya ce masaƙun Kakuri sun mutu, mutane na fama da abin sawa a baki, wa ke ta tsohuwar takarda? Talaucin gaskiya ne, kuma duk wanda ya wuce ƙofar masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ya ga ciyawa ba zai yi gardama ba. Amma ba gini muke roƙo ba. Akwatin ƙarfe ne da gara ba ta ci, da wayar da za ta ɗauki hoton kowane shafi, da roƙon magada a Makera da Nasarawa da Sabon Tasha kada su sayar wa mai ƙosai takardun tsohonsu da ya yi aikin rediyo kafin wani ya duba. Gidan Arewa da ofishin adana takardun tarihi na ƙasa duk suna hayin kogi, kuɗin mota ne kawai daga Kakuri.