Faifan da ya yi kasuwa bayan mai shi ya kwanta dama

Ranar 25 ga watan Mayu na shekarar 1996 aka tarar da gawar Bradley Nowell a ɗakin wani otel na birnin San Faransisko, a ƙasar Amurka. Eroyin ce ta yi ajalinsa, yana da shekara 28, sati ɗaya bayan ɗaurin aurensa. Ya bar ɗa wanda bai cika shekara ba, ya kuma bar faifai wanda aka gama ɗauka amma bai shiga kasuwa ba.

Nowell shi ne mawaƙi kuma mai gitar ƙungiyar Sublime, wadda suka kafa a 1988 a garin Long Beach na jihar Kalifoniya, shi da Eric Wilson mai gitar bas da Bud Gaugh mai ganga. Kiɗansu gauraye ne: rege irin na Jamaika, da ska, da rok mai zafi na samarin turawa, da ɗan rap. Shekara takwas suka yi suna fama. Faifansu na farko, na 1992, ɗan kamfaninsu Skunk Records ya buga shi, su da kansu suke tallarsa daga bayan mota kamar ƴan koli.

Wata biyu da rasuwar, ranar 30 ga Yuli, kamfanin MCA ya fitar da faifai na uku mai sunan ƙungiyar. A al'adar wannan sana'a, in sabon faifai ya fito makaɗa sukan bi gari-gari suna wasa domin a saya. A nan kuwa babu mai zuwa, don sauran biyun sun ajiye sunan Sublime. Gidajen rediyo ne suka yi tallar. Waƙar "What I Got" ta hau kan gaba a jerin sababbin waƙoƙin rok, "Santeria" da "Wrong Way" suka biyo baya, faifan ya kai lamba 13 a jerin Billboard. Hoton bidiyon waƙar farko ma da tsofaffin hotunan marigayin aka harhaɗa shi, ya kuma ci kyautar MTV a 1997. Kafin shekarar 2000 an sayar da fiye da miliyon 5 a Amurka kaɗai.

Waɗansu na cewa mutuwar ce ta sayar da kayan. Da ƙamshin gaskiya, amma ɗan kasuwa ya san tausayi sau ɗaya yake sayen haja, ba ya komowa. Abin da ya riƙe mutane shi ne kiɗa mai sanyi ɗauke da magana mai zafi: talauci, shaye-shaye, da tarzomar Los Anjeles ta 1992. Shekara 23 bayan haka, a 2019, mawaƙiya Lana Del Rey ta sake rera "Doin' Time" daga cikinsa.

Inda dukiya ta taru kuwa, maganar gado ba ta nisa. A 2009 Wilson da Gaugh suka ɗauko wani saurayi, Rome Ramirez, suka hau dandali da tsohon sunan. Magadan Nowell suka kai ƙara, suka ce sunan mallakar marigayi ne, alƙali ya hana amfani da shi. Aka daidaita a kan "Sublime with Rome".

Sunan bai koma hannun abokan biyu ba sai da magaji ya girma. A watan Afrilu na 2024, a bikin Coachella, Jakob Nowell, jaririn nan da aka bari, ya tsaya tsakanin abokan mahaifinsa ya rera waƙoƙin faifan. Shekararsa 28 a ranar.