Tsofaffi ma ƴan ƙasa ne

Duk wanda ya leƙa likitar unguwa da hantsi, a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, zai tarar da su zaune bisa benci: dattijo mai hawan jini da ciwon sukari, tsohuwa mai ciwon gwiwa da haki. Cutarsu ba masassarar kwana uku ba ce. Abokiyar zama ce har ƙarshen rai. Amma duk zuwan da suka yi, ana karɓarsu tamkar baƙin da ba a taɓa gani ba.

Tun bayan shirin Bamako na 1987, maras lafiya ne ke biyan wani kaso na kuɗin jinyarsa. A 2006 hukuma ta ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara 5 wannan nauyi, a 2024 kuma aka rage kuɗin jinya a asibitocin gwamnati. Madalla. Sai dai rangwame a bakin ƙofa bai warware matsalar wanda zai sha magani kullum har ya koma ga Mahaliccinsa ba.

Ga yadda ɓarnar ke aukuwa. Wannan likita ya rubuta maganin jini, wancan ya rubuta na sukari, babu wanda ya ga takardar ɗan'uwansa. Kuɗi suka ƙare, dattijo ya daina sha. Gwiwa ta matsa, ya sayi diclofenac wajen mai talla, alhali wannan ƙwaya tana tayar da jini, tana kuma lahanta ƙoda. Ƙarshenta shanyewar ɓarin jiki, ko tafiya Yamai wankin ƙoda, ɗa ya rufe shago, ƴa ta bar ofis, a sayar da gona.

Gyaran bai buƙaci sabon gini ba. Na farko, kowane tsoho ya samu karne guda da za a rubuta dukan cututtukansa da magungunansa, ya bi shi duk inda ya je. Na biyu, kowace CSI ta mallaki abin awon jini da na sukari masu aiki, ta ware ranar tsofaffi sau ɗaya a wata. Na uku, ONPPC ta tabbatar magunguna masu rahusa, irin su metformin da amlodipine, ba su yanke ba. Na huɗu, a horar da majo ya dubi mutum ɗungurungum, ya kuma shawarci mai sukari tun kafin azumi ya kama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan irin wannan aiki tun 2010. Abin da ya rage shi ne niyya da kasafi.

Ɗan kasuwa da ma'aikaci, waɗanda aljihunsu ke ɗauke da jinyar iyaye a yau, su ne suka fi cancantar tambayar mahukunta inda aka kwana. Bencin nan yana jiran kowa. Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, sai ya shafa wa nasa ruwa.