SHARHI: Mai Sayen Tsohuwar Tifa Ya Lissafta Kwanakin Aiki Kafin Ya Dubi Fenti

Duk wanda ya bi hanyar Mpape a Abuja da sanyin safiya, ko ya tsaya a bakin hanyar Epe a Legas, ya ga jerin gwanon tifofi ɗauke da dutse da yashi, ba wuya zuciyarsa ta raya masa cewa nan kuɗi suke. Wannan ne ya sa ma'aikata da dama da suka yi ritaya, da 'yan kasuwa masu ɗan rarar jari, da ƙungiyoyin gama kai, suke kwasar abin da suka tara su nufi dillalan tsofaffin motoci. A ganina akasarinsu suna fara ciniki ne da tambayar da ba ita ce ta fari ba. Suna tambayar nawa motar take, alhali kuwa abin da ke raba mai riba da mai hasara shi ne kwana nawa za ta yi tana aiki a cikin wata.

Bari mu ɗan yi lissafi. A watan Nuwamba na 2024 Babban Bankin Nijeriya ya ɗaga ma'aunin kuɗin ruwansa zuwa kashi 27.5 cikin ɗari, bankunan kasuwanci kuwa sama da haka suke ba ƙaramin ɗan kasuwa rance. To, a ƙaddara mutum ya ranto Naira miliyan 40 a kan kashi 30 ya sayi tifa. Kuɗin ruwa kaɗai Naira miliyan ɗaya ke nan kowane wata. In motar ta yi aiki kwana 26, kowace rana tana ɗauke da nauyin kusan Naira 38,500. In kuwa ta kwana takwas a gareji ta yi aiki kwana 18, nauyin ya haura Naira 55,000, tun ba a zo ga mai da taya da albashin direba da uwar kuɗi ba. Wanda ya kauce wa bashin ruwa saboda addini, ko ya saya da kuɗin sallamarsa, kada ya ce lissafin bai shafe shi ba, domin jarin da ke kwance a gareji hauhawar farashi ce ke cinsa.

Mai da kayan gyara ma sun sauya lissafin. Man gas ba ya cikin tallafi tun kafin a janye na fetur a 2023, farashinsa ya ninka a 2022, ya kuma haura Naira 1,000 kowace lita a 2024. Dala da gwamnati ke sayarwa wajen Naira 460 kafin Yunin 2023 ta wuce Naira 1,500 a Fabrairun 2024, kuma kusan duk wani ƙarfe da za a sauya a jikin tifa da dala aka shigo da shi.

Saboda haka wurin da ya kamata mai saye ya fara zuwa shi ne kasuwar kayan gyara, watau Ladipo in a Legas yake, ko Apo a Abuja, ko Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano. Ya tambayi wace mota ce in fanfon manta ya lalace da safe za a samu wani kafin azahar. Tsohuwar Mercedes 911 ba don kyau ko sauri ta daɗe a hanyoyinmu ba. Ta daɗe ne domin an harhaɗa ta a masana'antar ANAMMCO ta Inugu, kuma da wuya a sami garin da babu bakaniken da ya san cikinta. A shekarun nan Howo ta kamfanin Sinotruk na ƙasar Sin ce ta kama wannan gurbi, ga shi ana harhaɗa ta a Legas da haɗin gwiwar kamfanin Dangote, kayanta kuma sun wadata. Wannan ba yabon ingancinta ba ne a kan Mack ko MAN ko DAF. Magana ce ta wadda za ta koma bakin aiki da wuri.

Sai dai a nan ma akwai tarko. Yawancin tifofin Sin da ake tallatawa da sunan “an sabunta” tsofaffi ne da suka gama wahala a wuraren haƙar ma'adinai da gine-gine, aka yi musu sabon fenti da sababbin kujeru. Na Turai kuwa, waɗanda aka ƙera a shekarun baya-bayan nan, injinansu kwamfuta ke sarrafa su, an kuma tsara su ne don man gas mai tsabta ƙwarai. In suka sha gurɓataccen mai na bakin hanya sai bututun feshin mai su toshe, gyaransu kuma sai mai na'ura, wanda ba a kowane gari ake samunsa ba.

In an zo duba motar, a bar agogon kilomita, domin mayar da shi baya ba wuya. A shiga ƙarƙashi da fitila a bi shasi daga gaba zuwa baya, musamman inda bodi ke juyawa da inda sifirin ke kamawa. Walda a kan shasi shaida ce ta karaya, kuma abin da ya karye sau ɗaya a ƙarƙashin lodi yakan sake. Motocin da suka fito daga ƙasashe masu ƙanƙara sukan zo da tsatsar gishirin da ake watsa wa hanyoyinsu, dillali kuma ya shafe ta da baƙin fenti. A tayar da injin da sanyinsa a dubi hayaƙi, kada a yarda a tarar an riga an ɗumama shi. Jak ɗin da ke ɗaga bodi kuwa ba a gwada shi da mota wayam. A biya kuɗin sawu ɗaya na yashi, a hau tudu da ita, a gwada birki a gangare, sa'an nan a ɗaga bodin a tsayar da shi a rabi a gani ko zai riƙa sauka da kansa. Dillalin da ya ƙi wannan gwaji ya riga ya ba da amsa.

A kuma lura da bodin da aka yi wa ƙari a sama. Mita ɗaya murabba'i mai zurfin mita ɗaya na busasshen yashi ya kai wajen tan ɗaya da rabi, jiƙaƙƙe kuwa yana kusantar tan biyu. Motar da ta shekara tana ɗaukar fiye da ƙarfinta, gajiyar tana nan a aksul da giya da birki, sabon mai ita ne zai biya. In birkin ya tsinke a kasuwa ko a mashigar gari, ba maganar jari ake yi ba kuma.

Akwai kuma batun sitiyari. Tun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, doka kuma ba ta yarda da mota mai sitiyari a dama ba. Tifofin da ake kawowa daga Ingila akan juya musu sitiyari, wani lokaci a garejin da ba shi da kayan aikin da ya dace. Ni dai ba zan ba kowa shawarar sayen irin wannan ba, kome arharta.

Takardu su ne na ƙarshe a wajen duba, amma su ne ke iya raba mutum da motar a rana ɗaya. Tun Janairun 2017 gwamnati ta sa dokar hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, wadda kuma aka bi da ita ta ɓarauniyar hanya kwastan na iya kama ta ko da ta sauya hannu sau uku. Lalle ne mai saye ya gwada lambar shasi da ke jikin ƙarfe da wadda ke cikin takarda, ya kuma kai takardar biyan kuɗin fito ofishin kwastan a tabbatar masa da ita kafin ya biya ko kwabo. Daga cikin jarin kuma ya ware kuɗin sababbin tayoyi da gyaran fari, ya san wurin fasa dutse ko bakin kogin da zai riƙa lodi, da maginin da zai riƙa sauke wa, domin tifa mai taya goma ba ta shiga lungun da mai taya shida ke shiga.