Ambaliyar Binuwai: in za a kai wa Awe gudummawa, a fara da kwalekwale

Duk shekara idan Satumba ta kama, hankalin mutanen ƙaramar hukumar Awe a Jihar Nasarawa yana komawa kan madatsar ruwa ta Lagdo da ke Kamaru. Da zarar an ce za a sako ruwa, masu gona a bakin Kogin Binuwai, irin su mutanen Tunga, sai su fara tattara komatsai. Ba tsoron banza ba ne. A 2012 ambaliya ta kashe mutum 363 a faɗin Najeriya, a 2022 kuwa sama da 600. Ko a Satumban 2024, Nasarawa na cikin jihohi 11 da aka gargaɗa.

Mu mazauna Kudu, daga Agege da Idi-Araba zuwa Sabon Ibadan da Shagamu, ba mu yin nauyin hannu idan irin wannan ta faru. A yi sanarwa bayan Juma'a, a tara kuɗi, a loda shinkafa da tabarmi da atamfa a mota. Madalla. To amma motar nan iyakarta inda hanya ta yanke. Daga nan wa zai ɗauka?

Ba NEMA ba ce ke fara isa, ba kuma NASEMA ta jihar ba. Masunta ne da masu fito, da samarin gari da suka iya ruwa. Su ke kwaso tsofaffi da yara, su tsallakar da mai naƙuda, su koma su ɗebo buhunan hatsi, galibi ba ko kwabo. Mun ga haka a Maiduguri da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024. Kai, ko a Amurka, lokacin guguwar Katrina a 2005, masu ƙananan jiragen ruwa na kansu ne suka ceci jama'a da dama.

Abin da ba a faɗa shi ne halin da kwalekwalen ke shiga bayan aikin. Ruwan ambaliya ba ruwan kogi ba ne da matuƙi ya san hanyarsa. Akwai kututture a ɓoye, akwai katangar da ta rushe, akwai kwanon rufi. Katako ya tsage, ƙusa ta saki, inji ya sha laka. Mai jirgin, wanda shi ma gonarsa ta nutse, ba shi da kuɗin kafinta. Sai ya cusa tsumma, ya shafa kwalta, ya ajiye yaro da roba yana kwarfe ruwa.

Daga nan sai girbin shinkafa ya zo. Jiragen da suka rage kaɗan ne, masu son tsallakawa da yawa, ga buhuna, ga babura. Wannan facin ne za a yi wa lodi har ruwa ya kusa baki. Ba sai an je nesa neman misali ba: a Agustan 2023 mutum 12 suka rasu a hatsarin kwalekwale a Arikiya, cikin ƙaramar hukumar Lafia. Hukumar NIWA ta hana tafiyar dare da lodin da ya wuce kima, ta kuma wajabta rigar ceto. Doka ce mai kyau, sai dai doka ba ta sayen katako.

A ganina, nan ne kuɗinmu zai fi amfani. Buhun shinkafa sati biyu ya ƙare. Kwalekwalen da aka gyara kuwa shi ne kasuwa, shi ne hanyar gona da asibiti. Kwamitin da ya tara gudummawa ya ware wani kaso na katako, ƙusa, ladan kafinta da makanikin inji, da rigunan ceto har da na yara. Kuma kada a tura samari daga Legas su "je taimako" alhali ba su iya ninkaya ba, sai su zama ƙarin kaya.

Batun amana fa? A bi ta hannun Sarkin Ruwa da shugabannin masunta, don su suka san jirgin wane ne ya fashe a wajen ceto, da wanda dama can ruɓaɓɓe ne. A biya kafinta kai tsaye, a turo hoton aikin a WhatsApp. Lokacin da ya dace da wannan gyara kuwa rani ne, sa'ad da ruwa ya ja, za a iya kifa jirgi a kan yashi ya bushe.