GYARA KAYANKA: Ramin janti in ya cinye

Kaka ta yi. Hatsi ya shiga rumbu, wake yana cikin buhu, ƴan ci-rani sun fara ɗaure kaya. Daga yanzu har faɗuwar ruwa, motoci da amalanke ba su da hutu a hanyoyin Adar. Saboda haka a wannan wata filin Gyara Kayanka zai yi magana a kan wani ɗan ƙaramin abu da ba a kula da shi, alhali kuwa yana kifar da mota. Abin nan shi ne ramukan janti.

Janti shi ne ƙarfen nan kewayayye da a ke sa wa taya. A Nijeriya ana ce masa wili. A tsakiyarsa akwai ramuka. Ƙusoshin ƙafa, waɗanda makanikai ke kira bulon, su ke shiga cikin ramukan, sa'an nan a ɗaure su da noti. Ran duk wanda ya hau mota yana rataye ga waɗannan ramuka.

GA MISALI

Ranar Lahadi ce, kasuwar Tawa tana ci. Wata tsohuwar Peugeot 504 mai bashe ta taso daga Bambeye. Ta ɗauko buhunan wake da awaki, ga mutane zaune bisa kaya. Ana cikin tafiya sai yaron mota ya ji wani ƙas-ƙas daga ƙafar baya. Ya buga rufin mota, ya ce, "Maigida, ƙafar nan tana kuka."

Direba ya ce, "Bari dai mu kai gari." Allah ya taimake shi, ya rage gudu, suka isa lafiya. Da aka sauke kaya ya kai motar garaji wurin wani tsohon makanike. Aka cire ƙafa. Ramukan da ya kamata su zama kewayayyu sun koma kamar ƙwan zabuwa. Ƙusa biyu kuma sun cinye har rabi.

Direba ya ce, "Baba, a ɗan ɗiga masa walda in koma da mutanena kafin magariba."

Tsoho ya ce, "Ɗana, walda ba ta gagare ni ba. Amma jantin nan ya gama ɗaukar mutane. Nemi wani. Wannan kuwa kawo shi in gyara wa mai amalanke."

Direba bai ji daɗi ba, don kuɗin da ya samu ranar nan duk sun tafi wajen sayen janti da ƙusoshi. Amma maganar tsoho ita ce gaskiya. Ga dalili.

ME KE CINYE RAMI?

Mutane da yawa suna tsammani ƙusoshi ne ke ɗauke da nauyin mota. Ba haka ba ne. Aikin ƙusa da noti shi ne su matse janti ya manne da tambur na birki, su zama kamar ƙarfe guda. Matsin nan shi ke ɗaukar kaya. Bakin noti yana da tsini kamar mazurari, galibi digiri 60. Bakin rami kuma an yi masa gurbi daidai da tsinin. In an ɗaure, tsini ya zauna cikin gurbi, janti ya tsaya a tsakiya, ba motsi.

In noti ya yi sako-sako, janti ya sami wurin motsi. Kowane juyi sai bakin rami ya bugi ƙusa. A kilomita guda ƙafar ƙaramar mota tana juyawa wajen sau 500. Tafiyar kilomita 20 ke nan juyi dubu 10. Yadda igiyar guga ke cin itacen bakin rijiya, haka ƙusa ke cin rami, rami kuma yana cin ƙusa. Daga ƙarshe ko ƙusoshi su karye, ko noti ya zarce ta cikin rami. Ƙafa ta fita ta yi gaba, mota ta kwanta.

Abubuwan da ke kawo haka su ne:

1. Rashin ɗaure noti da kyau bayan an yi faci.

2. Juya noti baibai, a sa shafaffen gefe ciki, tsini waje. Yara masu koyon aiki sun cika yin wannan.

3. Sa notin wata mota dabam. Notin wasu motoci bakinsa kumburarre ne kamar bayan ludayi, ba ya zama cikin gurbin mai tsini.

4. Yashi, ko tsatsa, ko fenti mai kauri tsakanin janti da tambur. Za a ga kamar an ɗaure, amma da an yi tafiya dattin ya murƙushe, noti ya saki.

5. Ɗaurewa fiye da kima. Wasu sukan zura bututun ƙarfe a kile, su hau da ƙafa suna tsalle. Wannan yana lotsa gurbin rami, yana kuma miƙar da ƙusa har ta rasa ƙarfi.

6. Tafiya da noti a ɓace. Sauran su ke ɗaukar wahalarsa.

7. Lodi fiye da ƙarfin mota, a hanya mai gargada da duwatsu irin ta Adar.

YADDA A KE GANEWA

Janti yana ba da labari tun kafin ya ci amana. In an ga jan tsatsa ya yi zane daga gindin noti ya nufi waje, notin nan yana motsi. In an ga ƙarfe yana ƙyalli kewayen rami, ko garin ƙarfe, shi ma haka. Akwai kuma kukan ƙas-ƙas wanda ke ƙaruwa in an taka birki ko an sha kwana, da rawar sitiyari.

Wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan ya cire ƙafa ya duba. Gwaji uku ne, ba su cin ko dala.

Na farko, a dubi ramukan. Duk wanda ya yi tsawo ya lalace.

Na biyu, a ɗauki noti a zaunar da tsininsa cikin rami, a leƙa ta baya. In tsinin ya kai daidai da bayan janti, ko ya leƙo, gurbi ya cinye. Irin wannan noti tambur zai taɓa, ba janti zai matse ba. Hannu zai ji ya ɗauru tam, alhali ƙafa a sake ta ke.

Na uku, a wanke kewayen ramuka da kananzir, a goge ya bushe, a shafa alli. In akwai tsaga, kananzir ɗin da ya maƙale ciki zai fito ya ja layi bisa allin. Janti mai tsaga tsakanin rami da rami ya mutu. Ba mota, ba amalanke. Maƙeri ya yi murhu da shi.

GYARA DA IYAKARSA

Masu walda suna da dabara biyu. Ta farko, a cike rami da walda, a goge ya yi daidai, a sake hudawa, a fitar masa da sabon gurbi. Ta biyu, mai injin tur, wato injin sassaƙar ƙarfe, ya sassaƙo zobe mai gurbi a cikinsa, a faɗaɗa tsohon rami, a zaunar da zoben, a kama shi da walda. Ta biyun ta fi ƙarko. A duka biyu tilas a ɗora janti bisa tsohon tambur mai lafiyayyun ƙusoshi, don a sami tsakiyar kowane rami. Wanda ya huda da ido kawai, ƙafarsa za ta yi ta ɗingishi, ta cinye taya.

Akwai kuma masu cusa wasali a ƙarƙashin noti don a rufe faɗin rami. Wannan ba gyara ba ne, ɓoye cuta ne. Rami yana nan yana ƙaruwa a ƙarƙashi, ba mai gani.

To, me ya sa tsohon makanike ya ƙi maido da janti mai walda ga motar fasinja? Domin ƙarfen janti ba shi da kauri, a masana'anta aka matsa shi da injin har ya ɗauki siffarsa da ƙarfinsa. Wutar walda tana canja halin ƙarfe. Wani wuri ya yi laushi, wani ya yi tauri har ya zama mai saurin tsagewa, fuskar janti kuma takan karkace. Ido ba ya ganin wannan. Sai ranar da mota ke gudu da mutum 15 a baya ta faɗa rami, sa'an nan ya bayyana. Shi ya sa masu ƙera janti suka hana a yi masa walda. Ga motar da ke gudu da rayuka, gyara ɗaya ne: a canja janti, a canja ƙusoshin da suka cinye, a sa notuna masu kyau. Sabon janti bisa cinyayyar ƙusa aikin banza ne.

Amalanke kuwa tafiyar jaki ya ke yi, wajen kilomita 5 a awa. Janti mai walda, in an yi aikin da kyau kuma ba tsaga, zai iya shekaru yana kai taki gona, yana ɗauko ruwa da kara. Ma'aikatar kayan noma ta Tawa, wato ACREMA, ta ƙera amalanke na jaki da na shanu, maƙeran gari kuma sun iya haɗa nasu da ƙafafun matattun motoci. Can ne wurin hutun tsohon janti. Amma mai amalanke shi ma ya riƙa duba notunansa, don wata rana mai naƙuda zai ɗauka zuwa likita cikin dare.

GARGAƊI GA MASU WALDA

Kada a kuskura a sa wuta ga janti alhali taya tana jikinsa. Ko an sace iska duka, bai isa ba. Zafin ƙarfe yana dafa roba daga ciki, roba ta fitar da hayaƙi mai kama wuta, iska ta cika ta kumbura. Taya tana iya fashewa ana cikin aiki, tana kuma iya fashewa bayan an kashe injin, mutane sun matso suna kallo. Irin wannan fashewa ta kashe masu walda a ƙasashe da yawa. A cire taya gaba ɗaya, a ajiye ta nesa. Kada a maida ita sai ƙarfe ya huce da kansa. Kada kuma a zuba masa ruwa don sauri, ruwa yana sa walda ta tsage.

TSOFAFFIN MOTOCI

An fara ƙera Peugeot 404 a Faransa a 1960, ta ƙarshe kuma ta fito a Kenya a 1991. Ita 504 ta fito a 1968. Masana'antar Kaduna, wadda aka buɗe a 1975, ta yi ta haɗa ta har 2006. Ashe ke nan duk jantin da ya zo tare da 404 ya wuce shekara 30 yana shan duwatsu. Yau Toyota Hilux da Hiace sun fi yawa a tasha, amma cutar rami ba ta san sunan mota ba.

Mai neman tsohon janti a wurin masu sayar da kayan matattun motoci ya tafi da notinsa da allinsa, ya yi gwajin nan uku kafin ya biya. Ya kuma ƙirga ramuka. Ƙaramar 404 ƙusa 3 gare ta, ƙaramar 504 tana da 4, Land Rover 5, Hilux mai jan ƙafa huɗu 6. Ko yawan ramuka ya zo ɗaya, nisan da ke tsakaninsu yakan bambanta. Jantin da sai an buga da guduma, ko an goge rami da magagari kafin ya shiga, ba na motar ba ne. A bar shi.

YADDA A KE ƊAURE ƘAFA

A goge bayan janti da fuskar tambur, kada a bar yashi. A fara murɗa kowane noti da hannu, tsini yana duban ciki. A ɗaure su kaɗan-kaɗan tun mota tana bisa jak, ana tsallakawa: wannan, sai na daura da shi, ba bi da bi ba. A sauke mota a ƙarasa ɗaurewa. Ga ƙaramar mota, ƙarfin hannun namiji guda da kilen da ya zo da motar ya isa. Bayan tafiyar kilomita 50 a tsaya a sake bin su duka. Kowace safiya kuma, kafin a yi lodi, yaron mota ya kewaya ƙafafu huɗu da kile. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Fasinja ma yana da nasa aiki. Kafin ya hau, ya dubi ƙafafun mota. In ya ga ƙusa ba noti, ko jan tsatsa ya yi zane, ya gaya wa direba. In ya ji kuka a hanya ya yi magana da ƙarfi. Wannan ba raini ba ne, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Direban kirki zai tsaya ya duba. Kuɗin janti ana samunsu a kasuwa biyu ko uku, amma magidanci in ya tafi ya bar marayu, ba kasuwar da za ta maido shi.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa direbobi da masu amalanke na garinsu. Wata mai zuwa, in Allah ya kai rai, wannan fili zai yi magana a kan yadda a ke sa wa ƙafar amalanke giris. Allah ya kiyaye hanya, amin.