FILIN KWALLIYA: Tamojin Goshi, Kada Garin Neman Gira A Rasa Ido

 A wannan fitowar za mu taɓo wata magana da ta yi yawa a bakin matasa, musamman 'yan mata da samarin da ke da burin shiga harkar fim, wato maganar layukan nan masu zurfi da ke fitowa a goshi, waɗanda Bahaushe ke kira tamoji. Tambayar kusan iri ɗaya ce kullum: wai shin me jarumai ke shafawa ne goshinsu yake sumul kamar tangaran, alhali wasunsu sun haifi masu kallon nasu? Kuma ina ake samun allurar nan da ake cewa tana goge tamoji?

To jama'a, kafin mu kai ga allura, bari mu fara da abin da ido ke gani a fim. Yawancin santsin nan aikin fitila ne da hoda da kwamfuta. In aka haska fuska ta gaba da fitila mai laushi, inuwar da ke cikin layukan sai ta ɓace. Ku ma'abota finafinan Indiya kun san fim ɗin Fan na 2016, inda Shah Rukh Khan, yana da shekara 50 a duniya, ya fito a matsayin wani saurayi mai suna Gaurav. Ƙwararren mai kwalliya Greg Cannom ne ya yi masa gyaran fuska, sannan kwamfuta ta ƙarasa sauran. Haka aka mai da Robert De Niro matashi a fim ɗin The Irishman na 2019. Don haka 'yar'uwa, kada ki tsaya gaban madubin ɗakinki kina gasa da na'urar tace hoto, ba za ki ci ba.

Tamojin goshi kashi biyu ne, kuma sanin wanda ke gare ka shi ne matakin farko. A ƙarƙashin fatar goshi akwai wata faffaɗar tsoka, ita ce ke ɗaga gira in ka yi mamaki. Duk lokacin da ta motsa sai fata ta naɗe. Ga gwaji mai sauƙi: kalli madubi, ka ɗaga gira, sannan ka saki fuska gaba ɗaya. Idan layukan sun ɓace, naka tamojin motsi ne. Idan kuwa suna nan daram ko da ka saki fuska, to sun riga sun zauna a fata, domin shekaru da zafin rana da hayaƙin taba sun cinye sinadarin kolajin da ke riƙe fata. Kowanne da irin maganinsa.

Na farko shi ne allurar Botox, wadda sunanta ya fi yawo. Guba ce da wata ƙwayar cuta mai suna Clostridium botulinum ke fitarwa, aka tace ta, ake amfani da ɗan mitsitsi daga cikinta. Aikinta shi ne ta katse saƙon da jijiya ke aika wa tsoka, sai tsokar ta daina motsi, fata ta samu hutu. Asali ma maganin ido ce. A 1989 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da ita don masu karkacewar ido da masu yawan ƙiftawar da ba su iya tsayarwa. Wata likitar ido a Kanada, Jean Carruthers, da maigidanta Alastair, likitan fata, su ne suka lura cewa marasa lafiyar da aka yi wa ita layukan tsakanin girarsu na ɓacewa. A 2002 aka amince da ita don layukan tsakanin gira, na goshi kuwa sai a 2017.

Ba nan take take aiki ba. Sai bayan 'yan kwanaki ake fara ganin canji, ta kankama cikin kamar mako biyu, sannan bayan wata uku zuwa huɗu ta sake ka, sai a sake zuba wasu kuɗin. Wato dai kamar cajin waya ne, ba a yi sau ɗaya a gama. Tana yi wa tamojin motsi aiki sosai, amma wanda ya riga ya zauna sai dai ta rage masa zurfi. Sannan ga inda gizo ke saƙa: tsokar goshin nan ita kaɗai ce ke ɗaga gira. In aka cika mata allura, ko aka soka inda bai dace ba, sai gira ta sauko, ko fatar ido ta rufto, mutum ya yi makonni kamar mai jin barci. Akwai ma waɗanda ke ɗaga gira ba su sani ba saboda fatar idonsu ta yi nauyi. Irin waɗannan likitan ido ya kamata su fara gani. Mai ciki da mai shayarwa da mai ciwon raunin tsoka, duk ba a yi musu.

Na biyu shi ne allurar ciko, wadda 'yan birni ke kira fila. Wani abu ne mai kauri kamar jeli, yawanci na sinadarin hayaluronik, irin su Restylane da Juvéderm, ake ɗura shi a ƙarƙashin layin don ya taso ya daidaita da sauran fata. Yakan kai wata shida zuwa shekara, wani ma ya wuce, kuma akwai allurar da ke narkar da shi in ba a so. Amma fa a nan ne karin maganar da muka sa a kan wannan fili ta fi dacewa. Hanyoyin jinin da ke goshi da tsakanin gira a haɗe suke da hanyar jinin da ke ciyar da ido. In cikon ya kuskure ya shiga cikin ɗayarsu, yana iya toshe ta, fatar wurin ta mutu, ko ido ya makance cikin 'yan mintoci, kuma sau da yawa ganin ba ya dawowa. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, amma goshi da tsakanin gira da hanci suna cikin wuraren da likitoci suka fi jin tsoro. Ƙwararru da yawa ma ba sa yarda su yi ciko a nan sai dole.

Na uku su ne hanyoyin sabunta fata: hasken leza, da sinadarin da ake shafawa ya saɓule saman fata, da ƙananan allurai da ake bi da su a kan fuska don jiki ya ƙera sabon kolajin. Suna taimakawa ga layukan da suka zauna. Sai dai mu masu baƙar fata sai mun yi hattara, domin fatarmu in ta ji ƙuna ko rauni takan bar baƙin tabo da ke daɗewa, wasu kuma tabonsu tudu yake yi. Leza mai ƙarfi da ta yi wa Baturiya kyau tana iya bar miki fuska dabbare-dabbare. Ƙananan alluran sun fi sauƙin haɗari a irin fatarmu, in a hannun wanda ya iya ne kuma da kayan aiki masu tsafta.

Na huɗu man shafawa. Wanda likitocin fata suka fi yarda da shi shi ne tiretinoyin, da ƙanensa retinol. Da dare ake shafawa, kaɗan-kaɗan, kuma sai an yi watanni ana haƙuri. Yana gyara ƙananan layuka, amma babu man da ke cike tamoji mai zurfi, komai tsadarsa da kyan kwalinsa. Mai ciki ba ta shafa shi. Na biyar kuwa tiyata ce ta ɗaga goshi, inda ake ɗan tsagawa ta cikin gashi a ja fata da gira sama. Ita ce ta fi daɗewa, takan yi shekaru, amma tiyata tiyata ce, da kuɗinta da jinyarta da tabonta.

Yanzu ga maganarmu da masu son zama jarumai. Goshi kayan aikin ɗan wasa ne, kamar yadda kamara take ga mai ɗaukar hoto. Da me za ki nuna firgita in an ce miki an yi wa mijinki kishiya da ke, ko an kawo miki mummunan labari? Da me za ka murtuke in ka fito a mugun attajiri? Nicole Kidman ta faɗa a 2013 cewa ta gwada Botox ta bari, kuma sai bayan nan ta koma iya motsa fuskarta. Courteney Cox ta shirin Friends ta bayyana a 2017 cewa ta sa an narkar da cikon da ke fuskarta. Ita kuwa Kate Winslet ta fim ɗin Titanic, a 2021 har sau biyu tana mayar da fastar shirinta Mare of Easttown saboda an goge mata tamojin gefen ido. Ku duba dattawan finafinanmu na Hausa mana, kallo ɗaya uba zai yi wa ɗansa a fim ka ji tsigar jikinka ta tashi. Layukan fuskar nan ne ke wannan aikin.

Babban abin tsoro shi ne jabu. A 2024 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da sanarwar mutane a jihohi da dama da suka kamu da rashin lafiya, wasu har aka kwantar da su, bayan an yi musu Botox na jabu ko a hannun waɗanda ba su da lasisi. A 2025 fiye da mutum 30 suka gamu da irin wannan a Ingila. Alamominsa su ne gani bibbiyu, da sarƙewar murya, da wahalar haɗiya ko numfashi. Duk wanda ya ji haka bayan allura, asibiti kai tsaye, ba jira. To in haka ta faru a ƙasashen da ke da tsauraran dokoki, ina ga allurar da aka saya a intanet, aka yi maka a shagon gyaran gashi ko a ɗakin otal? Ita Botox ta gaskiya a cikin sanyi ake ajiye ta. Ka tambayi kanka, da irin wutar lantarkinmu, a ina wannan kwalbar ta kwana? Araha dai ba ta ado.

In har mutum ya ƙudurta sai ya yi, to ya nemi likitan fata ko likitan tiyatar gyaran jiki mai rajista da hukumar likitoci ta MDCN. Ana iya farawa da neman shawara a manyan asibitocin koyarwa. A nuna maka kwalbar a rufe, ka ga suna da ranar lalacewa da lambar NAFDAC. Ka tambaya, in abu ya ɓaci me za a yi, kuma in ciko ne, akwai maganin narkar da shi a ɗakin? Wanda ya fusata don ka yi tambaya, ɗauki takalmanka. Ta ɓangaren hukuncin addini kuwa, sai a tuntuɓi malamai.

Ku kuma ƙannena 'yan shekara ashirin, Allah ya hutar da ku, domin baƙar fata takan jinkirta tamoji fiye da fara. Abin takaici shi ne mu da kanmu muke ɓata ta da man bilicin. Da yawa daga mayukan nan na ɗauke da sinadarin sitiroyid da ke sirantar da fata, ta tsufa tun lokacinta bai yi ba. A 2023, a nan Kano, shugabar NAFDAC Farfesa Mojisola Adeyeye ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Ku bar shi. Ku nemi man kariya daga rana mai lamba SPF 30 ko sama, musamman masu wuni a lokeshin. Ku sa hula ko tabarau, ku guji taba da shisha, ku shafa man kaɗanya lokacin hunturu. Mai yawan haɗe gira wajen karatu ko kallon waya ya je a auna masa ido, watakila gilashi kawai yake buƙata.

A nan za mu dakata. Ku ci gaba da aiko da tambayoyinku, sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.